Na'ura Lafiya Lau, Direba Ne Babu

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin maƙalar mako. Na san abin da aka saba kawowa a nan shi ne maganar jigo da salo da zubin labari, ko a yi ta kai-komo tsakanin marubutan onlayin da na takarda. Ni kuwa yau maganar kayan aiki na zo da ita, sikana da firinta, waɗanda ba a tunawa da su sai ranar da suka ƙi.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara Titin Beirut ko Farm Centre a Kano ya san kalmar nan, direba. Za ka kai na'urarka garau, mai gyara ya jona ta, ya ɗan yi danne-danne, ya ɗago ya ce maka, "Malam, ba ta da direba." In ba ka saba ba sai ka ɗauka ba'a yake yi maka, don kai a saninka mota ce ke buƙatar direba. Alhali gaskiya ya faɗa. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakanin kwamfuta da duk wata na'ura da aka jona mata. Da ni aka tambaya, da tafinta na kira shi, domin aikinsa ke nan. Kwamfuta na da yarenta, kowace sikana da kowace firinta na da nata, kuma galibi ba wanda ya san yaren na'ura ciki da bai sai kamfanin da ya ƙera ta. Shi ne yake rubuta tafintan. Ranar da aka sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su Windows, sau da yawa sai an sake wa tafintan nan sabon karatu. In kamfani ya ga dama ya yi. In bai ga dama ba shi ke nan, na'urarka na zaune da lafiyarta amma ta zama kurma bebiya.

Ni ne mataimakin sakatare a reshen ƙungiyarmu ta marubuta. Ba don na fi kowa alƙalami aka ba ni ba, sai don diflomar da na yi a Poli kan aikin ofis, wadda ta sa a wurin dattawanmu duk abin da ke da wayar wuta a jikinsa ni ne likitansa. Dukiyar ofishinmu ba ta da yawa: benci biyu, kantar littattafai, tsohuwar laftof, sai sikana da firinta. Sikanar siririya ce kamar faranti, ko soket ba ta nema, daga jikin kwamfuta take shan wutarta ta kebul ɗaya. Wanda ke zaune a unguwar da ake kawo wuta kamar ana rabon zakka ya san darajar wannan. Firintar kuma ƙarama ce mai garin tona, baƙi da fari, a ɗura mata sau ɗaya ta buga mana takardun taro na watanni. Dukansu na hannu aka sayo su tun kafin in shiga ƙungiyar, kuma ban taɓa jin ɗayarsu ta yi ko tari ba.

A bana muka yi rashin ɗaya daga cikin dattawanmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Yana cikin waɗanda suka yi rubutu a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya na Kano suka cika shagunan Sabon Gari da bakin tashoshin mota, zamanin su Raina Kama. Bai yi suna kamar su Ado Ahmad Gidan Dabino ko Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba, amma ya buga littattafai da kuɗin aljihunsa, kuma ya bar wasu da yawa bai buga ba. Bayan an watse daga zaman makoki da 'yan makonni, maiɗakinsa ta aika a kira shugabanmu, ni kuma na raka shi. Daga bayan labule ta sa yaro ya jawo wata jakar Gana-mas-go, cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, masu shafi sittin da masu tamanin, da kwafi ɗaiɗai na littattafansa da aka buga. Ta ce, "Ga amanar Malam nan. Ku kwafi abin da za ku kwafa kafin in fita takaba. In na fita gidanmu zan koma, kayan kuma magada za su raba, ban san hannun da za su faɗa ba."

Muka lissafa, saura mata mako bakwai. Littattafan rubutun 41 ne, shafuka sun tasam ma dubu uku. Sikanar tamu na ɗaukar kusan minti guda kan kowane shafi, in an haɗa da juyawa da daidaitawa, don haka na ce in ana yin shafi ɗari a rana, cikin wata guda mun gama har da sauran lokaci.

Ya kamata in ɗan tsaya a nan don ƙannenmu da suka fara rubutu a waya, waɗanda labarinsu na ajiye a WhatsApp da Wattpad da wayoyin mutum dubu. Littattafan wancan zamani ba haka suke ba. An buga su a takarda mai araha, irin ta jarida, bugu ɗaya ko biyu, an sayar an karanta an ba da haya har sun yage. Maɗaba'un da suka buga da yawansu sun rufe. Takardar da kanta takan koma ruwan ƙasa ta riƙa karyewa kamar ƙanzo, in ma gara da ɗigar damina sun ƙyale ta. Na ji manazarta na cewa in kana neman wasu daga cikinsu, ya fi maka sauƙi ka same su cikin waɗanda Farfesa Graham Furniss ya tara a jami'ar SOAS ta Landan da ka same su a garin da aka rubuta su. Wannan ga waɗanda aka buga ke nan. Wanda ba a buga ba kuwa, kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, kuma ga shi cikin jakar leda a ƙarƙashin bencinmu.

Kwana huɗu na yi ina aiki, na kai shafi ɗari uku da 'yan kai, sai tsohuwar laftof ta ɗauke. Ba ta yi wata jinya ba, na danna ta ƙi tashi, mai gyara ya buɗe ya ce allon cikinta ne ya ƙone. Allah ya taimaka abin da na kwafa yana cikin filashi. 'Yan ƙungiya suka yi karo-karo cikin kwana biyu, har da wata Hajiya da ta ce a ɗauki kuɗin da ta ware don bugun littafinta, aka sayo wata laftof Landan-yus mai kyau, da Windows 11 a kanta. Kowa na murna an ci gaba.

Na jona sikana. Kwamfuta ta yi 'yar ƙarar nan ta cewa ta ji an shigo, daga nan shiru. Na shiga inda ake ganin jerin na'urorin da ke jone, na tarar da sunanta a rubuce daidai, da wata 'yar alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa a gefensa. Wato kwamfutar ta san baƙuwar, ta san sunanta, magana da ita ce ba za ta iya ba. Na jona firinta, kanwar ja ce.

Na je shafin kamfanin da ya ƙera su. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce na zo ɓata wa wani kasuwa, kuma ba shi kaɗai ke yin haka ba. Jerin direbobin sikanar ya tsaya ne a Windows 7, shi ma mai bit 32. A ƙasa an rubuta wata sanarwa cikin ladabi da taushin murya, wadda ma'anarta ita ce wannan na'ura ta gama zamaninta a wurinsu, suna ba ni shawara in duba sababbin kayansu. Na koma neman taimako a intanet, sai na faɗa dajin shafukan da kowannensu ke rantsuwa yana da direban, da manya-manyan maɓallai kore guda uku-uku a shafi ɗaya, ba ka san na gaskiya ba. Wanda ya san hali ba ya taɓa su, don yawancinsu ko dai talla ce ko manhajar ɓarna da aka yi wa riga. Amma kafin ka tantance, data ta tafi, dare ya raba.

Washegari na ɗaure sikanar a bayan babur na kai ta kasuwa. Yaron shagon da na saba da shi ya jujjuya ta, ya yi dariya ya ce, "Oga, wannan ai kakarmu ce. Ka ba 'yan jari-bola kawai, ga wata nan mai uku-a-ɗaya, ta buga ta kwafa ta yi sikanin." Na tambayi kuɗinta, ya faɗa. Ya fi abin da muke tarawa na kuɗin wata-wata a shekara, kuma jiya-jiya aka gama tatsar mutane kuɗin laftof. Na ce masa, "Amma fa lafiyarta ƙalau, shekaranjiya na yi aiki da ita." Ya ce, "Na sani, oga. Ai ba ita ce ta mutu ba."

Shi ya fara yi mini bayanin bit 32 da bit 64, na ƙarasa sauran da karatu. A taƙaice, tsofaffin kwamfutoci da yawa suna tafiya ne da Windows mai bit 32, daga baya aka koma mai bit 64 wanda ke iya ɗaukar aiki mai nauyi. Manhajoji na yau da kullum, irin na rubutu da lissafi, tsofaffinsu kan yi aiki a sabon. Direba ne ba ya tsallakawa: wanda aka rubuta wa 32 ba ya hawa kan 64. Shi kuwa Windows 11, da ya fito a watan Oktoban 2021, mai bit 64 ne kawai, babu ɗaya nau'in. Bayan haka kuma ba a barin direba ya shiga sai yana ɗauke da hatimin da ke shaida inda ya fito.

Wannan tsaurin ban ga laifinsa ba, kuma gara in faɗa. Direba ba a zaure yake tsayawa ba, har ƙuryar ɗaki yake shiga, don haka in mugu ya yi shigar direba ya samu gidan duka. A 2021 an yi wata babbar badaƙala da aka sa wa suna PrintNightmare, inda aka gano ɓarayin intanet na iya bi ta sashen da ke kula da buga takardu su ƙwace kwamfuta. A 2023 kuma Microsoft ya sanar da cewa sannu a hankali zai daina rarraba direbobin firinta na kamfanoni, a koma ga yare ɗaya na bai-ɗaya da sababbin firintoci ke ji, kamar yadda wayoyin Apple ke buga takarda ta AirPrint tun 2010 ba tare da an saka komai ba. Wannan alheri ne ga wanda zai sayi sabuwa. Rigimata da mai ƙera na'urar ce. Ka ce ka gaji da kula da ita, na ji, kasuwanci ne, ba wanda zai yi ta biyan ma'aikata kan kayan da ya sayar shekara ashirin da suka wuce. To ka saki bayanin yarenta mana, wani ya rubuta tafintan. A'a. Ya ƙi yi, ya kuma hana a yi, ya kulle takardun a durowarsa ya ce in sayi sabuwa.

Maganar firinta ta fi ba ni mamaki, kuma a nan ne na koyi abin da nake ganin zai amfani duk mai shirin sayen ta hannu. Akwai wani shagon buga takardu kusa da ofishinmu, yana da wata ƙatuwar firinta da ta girmi tamu nesa ba kusa ba, mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, amma ga ta tana aiki da sabon Windows ba gardama. Na tambayi mai shagon sirrin, ya ce shi dai ya jona ta ta kama. Ashe firintoci iri biyu ne. Akwai masu ƙwaƙwalwar kansu, waɗanda ke jin yaren da kowa ya sani, irin PCL da PostScript, waɗanda dukansu tun 1984 ake amfani da su. Irin waɗannan ko nasu direban ya ɓata, akwai na gama-gari da zai yi musu magana su ji. Akwai kuma ƙananan masu araha, da aka rage musu kuɗi ta hanyar cire musu wannan ƙwaƙwalwar. Su kwamfuta ce ke yi musu dukan tunanin, ta mayar da shafi ɗigo-ɗigo, ta aika musu ta wani yaren sirri na kamfaninsu. In wannan direban ya tafi, babu wanda zai maye gurbinsa. Tamu cikin na biyun take. A ido ba ka bambanta su, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya ce in raka shi sayen firinta, nakan ce ya ɗauko laftof ɗinsa mu tafi da ita, a jona a gabansa, takarda ta fito, sannan a yi maganar kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin shekarun nan ba da mu aka yi shi ba. Kamfani kan auna tsawon lokacin da zai kula da na'ura ne da ofisoshin Turai da Amurka da Japan, inda ake sauya kaya bayan 'yan shekaru. Abin da suka sauke shi ake lodawa a kwantena zuwa Legas, ya bi ta Alaba da Computer Village ta Ikeja, ya hau mota ya iso mana. Ranar da na'ura ta shigo hannunmu muna ɗokinta, a littafin kamfaninta ta riga ta yi ritaya ko tana dab da yi. Mu daga inda kulawa ta ƙare muke farawa. Kuma gaba ta fi baya yawa, domin tun 14 ga Oktoban 2025 aka rufe tallafin gama-gari na Windows 10, ga shi Windows 11 na neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kwamfutoci da yawa na shagunanmu ba su da shi. Ku leƙa kafe-kafen da ake cike fom ɗin jarrabawa da buga takardun bautar ƙasa ku ga irin na'urorin da ke ciyar da gidaje. Duk mai shagon da aka tilasta wa sauya kwamfuta, akwai yiwuwar ya wayi gari sikanarsa da firintarsa sun bi ta.

Keken ɗinkin mahaifiyata ya girme ni. In ya samu matsala, akwai wani tsoho a bakin kasuwa da zai kwance shi ya ɗaura, in wani ƙarfe ya ci ya nemo na wani keken ya saka. Ba wanda ya isa ya aiko daga wata ƙasa ya ce daga yau keken nan ya daina ɗinki. Haka injin markaɗe, haka tsohuwar fijo. Wannan shi muka sani da mallaka: ka biya, naka ne, har ya ruɓe a hannunka. Na'ura mai direba kuwa rabinta ka saya, ɗaya rabin na wurin mai ita, kuma ba a gaya maka haka ranar ciniki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62. Duk sanda na ga yaran jari-bola na fasa wata firinta da dutse don su ciri 'yar tagullar cikinta, sai in riƙa tunanin ko ita ma lafiyarta ƙalau aka jefar.

Na san wani zai rubuta a ƙasa cewa, to ba ga waya ba? An faɗa mini haka ya fi sau goma. Waya na da kyau ga rasit da katin ɗaurin aure. Amma littafin rubutu mai shekara talatin, wanda biro ɗinsa ya koɗe, wani wurin ma da fensir aka yi gyara a gefen shafi, in ka ɗauka da waya sai inuwar hannunka ta shiga, tsakiyar littafin ya lanƙwashe, manhajar kuma garin ta "gyara" hoton ta share fensirin ta ɗauka datti ne. Na gwada shafi ashirin na kwatanta. Gyare-gyaren marigayi, inda ya soke kalma ya sa wata a samanta, rabinsu sun ɓace. Ga marubuci kuwa nan ne wurin karatun. Sikana na kwantar da shafi a kan gilashi, haske ɗaya, ɗigo 300 a kowane inci, shafi na farko da na dubu uku duk iri ɗaya.

Akwai wata manhaja ta kuɗi mai suna VueScan, da wani Ba'amurke Ed Hamrick ya fara tun 1998, wadda aikinta ke nan, tayar da tsofaffin sikanoni da kamfanoninsu suka yasar. Mutane na yaba ta. Amma da dala ake biya, kuma da na juya kuɗin zuwa naira sai na rufe shafin a hankali.

Wanda ya fitar da mu wani abokina ne da muka yi Poli tare, shi kimiyyar kwamfuta ya karanta. Na kai masa kuka, ya zo da magariba da filashi a aljihu. Kafin ya taɓa komai sai da ya ba ni labarin wani Ba'amurke, Richard Stallman, wanda wajen 1980 yana aiki a wani ɗakin bincike na jami'ar MIT aka kawo musu sabuwar firinta ta kamfanin Xerox. Tana yawan cije takarda, ga ta a wani hawa daban, mutum ya aika aiki ya je ya tarar ba abin da ya fito. Tsohuwar firintarsu sun taɓa gyara manhajarta ta riƙa sanar da mutane in ta cije. Ya nemi rubutun manhajar sabuwar don ya yi mata haka, aka hana shi, wai sirrin kamfani ne. Haushin wannan na cikin abin da ya sa a 1983 ya shelanta aikin GNU, na samar da manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa da rabawa. Na ce wa abokina ashe ciwon nan ya girme mu duka, kuma daga firinta ya faro.

Ya tayar da laftof ɗin daga filashin, da Linux Mint, ba tare da ya taɓa Windows ɗin da ke ciki ba. Ya jona sikana, ya buɗe wata 'yar manhaja, ya danna. Fitilar cikinta ta kama, ta yi 'yar ƙugin nan nata, ta fara tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Kwana goma sha ɗaya rabon da in ji wannan ƙara. Babu abin da muka sauke, babu abin da muka saya. Akwai wani aikin sa-kai mai suna SANE, da mutane daga ƙasashe daban-daban suka daɗe suna yi tun shekarun 1990: su zauna su saurari abin da ke wucewa ta kebul tsakanin kwamfuta da sikana, su gano yaren da kansu, su rubuta tafinta su ajiye kyauta. Wani bawan Allah da ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, ya taɓa ɓata dararensa kan irin wannan sikanar tamu. Na yi masa addu'a, ko wane ne.

Ba wai ina kiran kowa ya koma Linux ba ne, kada 'yan kwamfutar zauren nan su yi mini caa. Ita firintar ko a can ma ta ƙi, mun yi ta fama har sha ɗayan dare muka haƙura. Kuma shugabanmu da ya leƙo ya ga allon ya sauya kama, tambayar farko da ya yi ita ce ina aka kai masa Word ɗinsa. Don haka filashin na rataye a ƙusa, in za a yi sikanin a tayar da shi, in an gama a koma gida. Firinta kuma wani ɗan ƙungiya ya tono mana tsohuwar kwamfutar tebur daga ɗakin ajiyarsa, mai Windows 7, wanda shi ma tun Janairun 2020 aka daina kula da shi. Mun ajiye ta a lungu, ba ta taɓa ganin intanet kuma ba za ta gani ba, aikinta ɗaya: a kawo mata takarda a filashi ta miƙa wa firinta. Ofishin da ke da benci biyu yanzu yana da manyan manhajoji uku, kowace da na'urar da take jin maganarta. Da babu gara ba daɗi.

A ƙasan jakar marigayi kuma mun tarar da wani abin da ya nuna mini ciwon ya wuce sikana. Faifan fulofi guda uku, 'yan murabba'in nan baƙaƙe, an rubuta sunayen littattafai a jikinsu da hannunsa. Ba mu da abin karanta su. Ko mun samu, abokina ya ce in shirya ganin abin mamaki, domin a wancan lokaci haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin kwamfuta. Sai da mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka ƙirƙiro nau'in haruffa na musamman, inda ake aron gurbin wata alama a ɗora mata harafin Hausa. In aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da wancan nau'in, duk inda ƙ take sai ka ga wata baka ko wata alama ta daban. Ana iya gyarawa, amma sai an fara samun abin da zai buɗe faifan, in ma bai riga ya lalace ba.

Zuwa daren jiya mun kai littafi na 29 cikin 41. Saura kwana goma sha biyu Hajiya ta fita takaba, don haka mun raba aikin biyu, ni da safe kafin in tafi wurin aiki, wata 'yar uwa daga la'asar zuwa magariba, muna neman shafi ɗari da talatin a rana. Cikin abin da muka kwafa akwai cikakken labari da bai taɓa bugawa ba, kan wata yarinya 'yar gidan marina, littafi na ɗaya zuwa na uku a jere. Na huɗun ba mu gan shi ba tukuna, muna fatan yana cikin sha biyun da suka rage, ko cikin faifan nan uku, don ɗayansu na ɗauke da sunan labarin.

Saboda haka duk wanda ke da na'urar karanta fulofi mai jonawa ta USB, ko ya san wani ofishi ko shago da har yanzu ke da tsohuwar kwamfuta mai ramin faifan, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Aro muke so na yini ɗaya. Masu saurin bugun rubutu kuma da suka iya karanta rubutun hannu irin na mutanen da, za mu buƙace ku bayan an gama sikanin, ranakun Asabar bayan la'asar.